Yarinyar Da Ke Ɗaure Dami

Shafi na 11

Assalamu alaikum. Na ga saƙonninku. Masu cewa na matsa wa Malam Ikrima lamba, wai ai mutumin kirki ne, ni ban ce ba mutumin kirki ba ne. Sau da yawa mutanen kirki ne ke yin ɓarnar da ba ta da ƙara. Ku karanta kafin ku yi masa lauya.

*

Kafin hantsi ya dubi ludayi ajin ya cika maƙil. Malaman firamare ne na Birnin Kudu da na Gwaram, an tara su bita a wata makaranta cikin garin Birnin Kudu, a shekara ta biyu da yanke Jigawa daga Kano. Manyan mutane masu gemu an jera su a bencin yara, gwiwoyinsu na gugar tebur.

Malam Ikrima na sahun gaba cikin farar shaddarsa ta sallah. Da sassafe a-kori-kura ta kwaso su daga ƙauyensu na wajen Maruta, shi da hedimastansa Malam Gwadabe da 'yan aji biyar ɗin da zai yi darasin gwaji da su bayan azahar. Yaran na waje a gindin darbejiya suna gadin buhun kara.

Karan nan shi ya kawo shi sahun gaba. Guntayen karan dawa ne, a ɗaure goma-goma da kaba, yara na kiran kowane ɗauri dami. In lissafin ɗebewa ya cije, aka ce a cire takwas daga biyu, ba ya sa yara su rera doka kamar waƙa. Yaro zai fito gaban allo, ya kwance dami ɗaya da hannunsa, goma ta watse ta haɗu da biyun nan, ya ga sha biyu da idonsa, ya cire takwas ɗinsa.

Alhaji Buba, tsohon sufeton makarantu, shi ke shugabantar zaman. Ya ɗaga dami ɗaya sama.

"Da can zama muke yi muna jiran Kano ta aiko mana da dabara a cikin kwali. Yau ga ɗanmu ya tsinto ta a gona. Kara! Abin da matanmu ke hura wuta da shi!"

Aka yi tafi.

Malam Gwadabe ya zunguri Ikrima da gwiwar hannu.

"Mutumina, rage kumburin nan, kada shaddar ta yage. Ba ka da wata."

Ikrima ya yi murmushi, amma murmushin bai kai ciki ba.

A cikin yaran da ke waje akwai Saudatu. A makaranta Saudatu Haladu ake kiranta, da sunan yayan Ikrima marigayi, wanda ya riƙe ta a Sundimina tun daga yaye. Bara da Haladu ya rasu aka dawo da ita. 'Yar Ikrima ce ta cikinsa. 'Yar fari.

Kuma ta faɗi lissafi.

Saura gwaji ɗaya a mako mai zuwa. In ta sake faɗi, za ta maimaita aji biyar. Inna Kulu kuwa, matar marigayin, ta riga ta rantse ba za ta bari 'yar da ta goya ta zauna benci ɗaya da ƙannenta ba. Za ta zo ta tafi da ita Sundimina, karatu ya ƙare ke nan.

Ranar da aka yanke maganar maimaita aji a ofishin hedimasta, Ikrima na zaune. Namiji ba ya buɗe baki a kan ɗan fari.

"Yanzu sai mu saurari Malama Zahara'u," in ji Alhaji Buba. "Ita ta yi binciken."

Malama Zahara'u daga kwalejin horon malamai ta Kano take. Zango guda ta yi tana zama a bayan ajin Ikrima da rikodarta, tana naɗar darasi, bayan an tashi ta kira yara ɗaya-ɗaya ta tambaye su yadda suka yi tunani. Ta gyara mayafi, ta ɗora rikodar a kan tebur.

"Ranka ya daɗe, abin da ka faɗa gaskiya ne. Na gwada yaran da suka koya da kara, na gwada waɗanda suka koya da haddar doka. Ba a haɗa su. Har bayan hutu 'yan kara ba su manta ba. Amma bincike ba yabo kaɗai ba ne. Akwai abin da nake so ku ji. Ba zan faɗi sunan yarinyar ba."

Ta danna.

Kaset ya yi ta huci. Sai muryar Malama ta fito.

"Hamsin da biyu, a cire talatin da takwas. Nawa kika samu?"

"Ashirin da shida."

Ikrima ya gane muryar Saudatu ce. Ko cikin kasuwar Gwaram aka sa muryar nan zai tsince ta.

Wasu malamai suka ƙyalƙyale da dariya.

"Nuna min yadda kika yi."

"Biyar a cire uku, biyu. Nan kuma biyu ce a sama, takwas a ƙasa. Ba a cire babba daga ƙarami. Sai na juya su. Takwas a cire biyu, shida."

"Wa ya ce ki juya su?"

"Ba kowa. Ni na ga haka zai yiwu."

Malama Zahara'u ta tsayar da kaset.

"Masu dariya, ku dakata. Wannan ba daƙiƙiya ba ce. An gaya mata a aji biyu ba a cire babba daga ƙarami, ta riƙe. Da ta iske katanga, ta nemo wa kanta hanya, kuma kullum ita take bi, ba ta taɓa saɓawa ba. Kuskuren yaro yana da tsarinsa. Da wani ya tsaya a kanta ya ce nuna min, da tuni an wuce wurin."

Ta sake dannawa.

"Kin san damin karan nan da Malam ke koyarwa da shi?"

"Na sani. Ni nake ɗaure su."

"Ke?"

"Ni nake yanko karan, in ƙirga goma-goma, in ɗaure da kaba. In an tashi in kwashe, in sake ɗaure waɗanda aka kwance."

"To ke kin taɓa fita gaban allo kin kwance ɗaya?"

Can nesa a cikin kaset ɗin akuya ta yi kuka.

"A'a. Ni ɗaurewa nake yi."

"Ba kya ɗaga hannu?"

"Da ina ɗagawa."

"Sai me ya faru?"

"Sai hannun ya gaji."

"A gida fa? In ba ki gane ba, ba kya tambayar babanki?"

"Baba Haladu ya rasu."

"Allah ya jiƙansa."

"Amin."

Ƙyas. Ta kashe.

Babu mai dariya yanzu. Ikrima ya sunkuyar da kai. Ya kafa ido a kan wani ƙusa da ya fito a jikin tebur, kamar a nan aka rubuta masa mafita.

"Na saurari kaset ɗin darussan duka," in ji Malama Zahara'u a hankali. "Kowane yaro an kira shi da sunansa, har masu barci. Ban da ita. Ban kawo wannan don in ci fuskar kowa ba, wallahi. Cewa na yi, in har a ajin da ya fi kowane aji ana samun haka, to kowa ya koma ya duba bencinsa na ƙarshe. Marainiya ce, ba ta da mai tsaya mata. Irinsu ido ke tsallakewa."

Ba ta faɗi sunan malamin ba. To wa ke da damin kara a duk ɗakin?

Wani dattijon malami daga Birnin Kudu ya buga sandarsa a ƙasa.

"Subhanallahi! Marainiya? Ita ke wahalar, 'ya'yan masu uba ke karatun?"

"Ashe farar shadda ba ta nuna farar zuciya," wani ya ce daga baya, a daidai yadda za a ji.

Malaman Gwaram, waɗanda suka san gidan, kowa ya sunkuyar da kai. Ba wanda ya gyara maganar. Ba maganar da ake gyarawa a taro ba ce.

Alhaji Buba ya ajiye damin da ke hannunsa, ya zare tabarau.

"Malam Ikrima, kana da ta cewa?"

Ya miƙe. Kalma biyu ce kawai za ta wanke shi daga cin zalin marainiya. 'Yata ce, shi ke nan.

"Babu, ranka ya daɗe."

"Babu?"

"Babu."

"To. A je a yi salla."

*

Ikrima ya yi sallar, amma ko ka yanka shi ba zai iya faɗa maka abin da ya karanta a cikinta ba. Da aka sallame bai tsaya gaisawa ba, ya zagaya bayan ajujuwa inda aka jibge karyayyun bencina, ya tsaya yana kallon bango.

Can sai ga Malam Gwadabe, Malama Zahara'u na biye da shi.

"Ga shi nan," in ji Gwadabe. "Malama, kin yi mana aika-aika yau. Ai ko baƙo ya kan tambayi hanya."

"Malam hedimasta, abin da na ji shi na sa aka ji. Ban ƙara ko wasali ba."

"Kin ƙara mana. Kin ce marainiya."

"Ita ta ce babanta ya rasu."

"Mariƙinta ne ya rasu." Gwadabe ya waiga hagu da dama, ya rage murya. "Ta wajensa ce."

"Ta wajen wa?"

Gwadabe ya nuna Ikrima da haɓa.

"Ta fari."

Malama Zahara'u ta rufe baki da gefen mayafi.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un."

Da ta sauke hannun, idonta ya kaɗa.

"Malam, ka yafe min. Na ɗora maka abin da ba ka yi ba, a gaban mutane. Sunan Haladu na gani a jikin nata, ban bincika ba, ni mai bincike. Da an koma zan tashi in gyara."

"Kada ki faɗa!"

Ita da Gwadabe duk suka zabura. Ikrima kansa bai san muryar za ta fito haka ba.

"Kada ki faɗa," ya maimaita a hankali. "A bar shi yadda yake."

"A bar su su tafi da cewa ka ci zalin marainiya?"

"Gara haka."

"Gara haka da a san 'yarka ce?"

Ya runtse ido da jin kalmar, kamar an watsa masa barkono.

Tausayin da ke fuskar Malama Zahara'u ya fara janyewa.

"To ashe ban yi kuskure mai yawa ba."

"Malama, ke 'yar birni ce," in ji Gwadabe. "A can ƙila uba na ɗaukar ɗan fari a kafaɗa ya zaga unguwa. Mu nan muna da ta ido."

"Malam hedimasta, birnin Kano ba Ingila ba ne. Na san kunya."

Ikrima ya juyo. Tun da aka kashe rikoda sai yanzu ya dube ta.

"Kina zaton ƙinta nake yi? Ranar da aka haife ta gona na gudu, na zauna gindin tsamiya na yi murnata ni kaɗai, don kada wani ya gani a fuskata. Mahaifinmu har ya koma ga Allah bai taɓa kiran Yaya Haladu da suna ba, kuma duk cikinmu ba wanda ya kai shi a ransa. Haka muka taso muka tarar. Tsohuwarmu na nan da ranta. In na tsaya a kan yarinyar nan a aji ina lallaɓa ta, kafin la'asar labari ya kai gida. A ce Ikrima boko ya cire masa kunya. A ce ya mayar da makarantar gwamnati tsakar gidansa."

"Sai ka zaɓi kada ka gan ta."

"Tana cikin ajin! Abin da na faɗa wa kowa ita ma ta ji. Ban toshe mata kunne ba."

"Malam, wa ya koya min cewa ji ba ya isa? A kaset na farko da na naɗa, kai ne ka ce wa yara, wanda ya kalli mai kwance dami ya ga abin mamaki, wanda ya kwance da hannunsa shi ya san lissafi. Har na rubuta shi a rahotona da sunanka."

Ta juya ga Gwadabe.

"Uwarta fa?"

"Kunyarta ta fi tasa," in ji Gwadabe. "Kuma ba ta yi boko ba."

"Wani malamin lissafin?"

Gwadabe ya yi dariyar da ba ta da daɗi.

"Mu huɗu ne da aji shida, Malama. Ni kaina in ta haɗa ni da ɗebewa mai aro sai na nemi kara."

Malama Zahara'u ta jingina da bango.

"Bari in gaya muku abin da ban saba faɗa ba. Ni ma ta fari ce. Mahaifina har ya rasu ban ji sunana a bakinsa ba. 'Ke' yake cewa, ko 'waccan'. Ban taɓa jin haushinsa ba, na san yana sona. Amma shi ɗinki yake yi a bakin kasuwa. Bai karɓi alli ya tsaya a gabana ba. Da safe yakan tura ni wurin wanda zai iya kallona. Kai kuwa, Malam, ƙofa ɗaya ce yarinyar nan ke da ita, kai ne a tsaye a bakinta, ka juya baya."

Ikrima ya ji maganar har ƙashinsa.

Gwadabe ya ga abin ya yi zafi, ya tafa hannu.

"To ya isa. Kowace cuta da maganinta. Ni ne hedimasta. Gwajin mako mai zuwa, a bar min. Zan wuce da ita aji shida a hankali, ba wanda zai ji. Inna Kulu ta huta, yarinya ta ci gaba, mutumina ya tsira da mutuncinsa. Shi ke nan, kowa ya sha ruwa."

Wani sanyi ya sauka a ƙirjin Ikrima. Ya ji daɗin maganar nan, ba zan ɓoye muku ba. Sai da daɗin ya gama ratsa shi sannan ya gane abin da yake jin daɗinsa, kunya ta biyu ta rufe shi, wadda ta fi ta cikin taro nauyi, don wannan ba wanda ya ɗora masa.

Wannan ita ce ɗabi'armu. Miki na ruɓa, mu kuma muna neman babbar riga.

"Ta wuce aji shida da ashirin da shidanta?" in ji Malama Zahara'u. "Can ma wa ke koyar da lissafin?"

Gwadabe ya sosa ƙeya.

"Shi ne."

"To."

Kafin wani ya ƙara magana suka ji hayaniyar yara daga gindin darbejiya. Tagogin ajin bitar ba su da marfi. Duk abin da rikoda ta faɗa, yaran sun ji.

"Ashirin da shida! Ashirin da shida!"

"Juya su, Saudatu! Juya su!"

Suna tafi suna rerawa kamar waƙar gaɗa.

Sai ga Saudatu ta ɓullo ta kusurwar gini da buhun kara a ka, doguwa, siririya, ta fi sa'o'inta tsawo. Ba ta kuka. Fuskarta a shafe take kamar allon da aka goge. Ta sauke buhun, ta durƙusa ta fuskanci Gwadabe.

"Malam hedimasta, an ce a kai karan aji."

"To, kai, 'yata. Allah ya yi albarka."

Ta gaida Malama Zahara'u. Wajen da mahaifinta yake kuwa ba ta kalla ba, ba don fushi ba. Ta san ƙa'ida, ta riƙe ta, yadda ta riƙe ta aji biyu.

Ikrima na ganin yatsunta da ta kama bakin buhun. Duk tsagar kara ce, sabuwa a kan tsohuwa. Jiya har magariba tana tsakar gida tana ɗaure sababbin damuna, don kada a kai tsofaffi Birnin Kudu a ji kunya.

A ajinsa, yaron da ya yi wa ɗan'uwansa dariya kan kuskure sai ya share makaranta. Kowa ya san wannan. Ga su can suna rera wa 'yarsa waƙa, shi kuma yana tsaye kamar turken da aka kafa.

Ta ɗauki buhun ta wuce.

"Darasinka ne yanzu," in ji Malama Zahara'u. "Ba zan faɗa wa kowa kome ba, tunda ka hana. Abin da ya rage naka ne."

*

Aka jawo bencina uku gaba, aka zaunar da yaran. Malamai suka koma baya, wasu a tsaye, wasu sun leƙo ta taga. Waɗanda suka yi masa tafi da safe yanzu kallon awo suke yi masa.

Saudatu ta jera damunan a kan tebur, ta ware 'yan ɗaiɗai a gefe, ta koma can ƙarshen benci na uku, jikin bango.

Ikrima ya ɗauki alli. Ya shirya wani lissafin daban tun a gida. Da ya ja baya ya dubi allo, sai ya ga abin da hannunsa ya rubuta.

52 a sama. 38 a ƙasa.

Lissafin cikin kaset ne.

Ya jera dami biyar da kara biyu.

"Nawa ke nan?"

"Hamsin da biyu!" yaran suka amsa baki ɗaya.

"Ina so in cire takwas, ga biyu kawai a warwatse. Yaya za a yi?"

"A kwance dami!"

"Wa zai zo ya kwance?"

Hannuwa suka tashi kamar tsiron gero.

"Ni, Malam!"

"Malam, ni! Ni!"

Munzali har ya hau kan benci. Basma na kaɗa yatsu kamar za su cire. Ko wanne ya kira a cikinsu, darasi zai tafi sumul, a yi tafi, a hau mota a koma gida. Gwadabe ya riga ya ba shi mafita a kan gwajin.

Ya dubi ƙarshen benci na uku.

Hannuwan Saudatu na kan cinya. Tana naɗa wani guntun kaba a yatsa tana warwarewa.

Ya ɗauki dami ɗaya. Ƙullin kabar ƙanƙane ne, mai kyau, an ja shi yadda yaro zai iya kwancewa ba da haƙori ba. Shekara guda yana miƙa wa 'ya'yan mutane ƙullin nan, bai taɓa tsayawa ya dube shi ba.

Gwadabe daga jikin ƙofa ya girgiza masa kai. Malaman Gwaram suka fara gyara zama.

"Ke," in ji Ikrima. "Ta ƙarshen benci."

Yarinyar da ke ɗaya ƙarshen ta yi wuf ta miƙe.

"Ba ke ba, Hawwa. Zauna."

Hawwa ta zauna tana turo baki.

"Ke... ta jikin bango."

Saudatu ba ta ɗago ba. Kabar ta ci gaba da zagaya yatsa.

"Malam Ikrima," in ji Alhaji Buba daga kujerarsa. "Yarinya ba ta da suna ne?"

Ikrima ya dubi damin da ke hannunsa. Ya ga tsohuwarsa a kan tabarmarta, ya ga majalisar ƙofar masallaci, ya ga bakin kowa. Ya ga motar Sundimina kuma, da ƙullin kaya a kan cinyar yarinya.

Ya buɗe baki. Da farko iska ce kawai ta fito.

"Sau..."

Ya sake jan numfashi.

"Saudatu."

Muryar ta fashe a tsakiya kamar ta yaron da ke balaga. Wani malamin Gwaram ya ja hula ya rufe fuska. Gwadabe ya juya ya kalli waje.

Yarinyar ta ɗago kai.

Ba shi ta duba ba. Baya ta waiga, tana bin sahun malamai da ido, da masu leƙe ta taga, tana neman Saudatun da aka kira.

Ikrima na tsaye, hannunsa a miƙe, da damin a cikinsa.

Ta kusa da ita ta zungure ta.

"Ke ake kira. Tashi mana!"

Saudatu ta girgiza kai. Ba da ƙarfi ta yi maganar ba, amma ɗakin ya yi shirun da har na bakin taga sai da suka ji.

"Ba ni ba ce. Shi ba ya kirana."